Takanɗar da Ba Ta Gaggawa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau uku ina buɗe littafin ina rufewa. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ni ko da baki magana ba ta zo mini da sauƙi, balle a takarda. Amma Dakta, mai binciken iri a wurin aikinmu, ta ce abin da na sani game da layi na ɗari biyu da sha biyu babu shi a kowane kati, in ban rubuta ba tare da ni zai tafi. 'Yan kalmomi ta ce in rubuta. Da na fara sai na ga ba za su isa ba.

Ina aiki a gonar gwajin iri da ke bayan gari. Dawa da rake ake yi a wurin. Mu goma sha ɗaya ne mata lebura. Da rani muna ɗakin sanyi, inda ake ajiye irin dawa kala-kala a cikin ambulan, kowace da lambarta da katinta. Da damina muna gona. Idan dawa ta fitar da kai, kafin ta yi fure, sai mu rufe kowace zangarniya da jakar takarda mu ɗaure, don kada iska ta kawo mata garin furen wata dawar irin ya gauraye. In kuma ana son haɗa iri biyu, Dakta ke yi da hannunta, mu namu riƙe jaka. Matan suna kiran wannan ɗaurin aure.

"Yau wa za a aurar, ranki ya daɗe?" in ji shugabarmu, wadda muke kira Kyaftin. "A dai samo mata dogo, wancan mijin na bara gajere ne, duk 'ya'yan sun biyo shi."

Sai kowa ya kwashe da dariya. Ni ma nakan yi, amma a ciki. Shiru suke kirana. Ba da mugunta ba ne, kuma sunan ya bi ni har gidan Gwaggona inda nake zaune. In an tashi hutun rana su zauna ƙarƙashin rumfa suna ta hira, ni kuma in ɗauki kwanona in zaga bayan ɗakin injin ruwa. Akwai wani bulo a wurin da ya san ni.

Ranar da na ga katin, ina ƙirga iri ne a ɗakin sanyi. Dattijon da ke kula da ɗakin, Baba Mai Sanyi, yana daga bakin ƙofa sanye da rigunan sanyi biyu, yana ta tari. Dakta sabuwa ce a lokacin, ta ce a fito da duk ambulan ɗin da irin cikinsu ya kusa ƙarewa, a shuka a sabunta. Na zazzage wata ambulan a faranti. Ƙwaya talatin da ɗaya, jajaye masu duhu, ƙanana. Na juya katin don in rubuta adadin. Ina karatu a hankali, harafi bayan harafi, shi ya sa na daɗe kafin in gane abin da nake gani. A inda aka rubuta sunan manomi, sunan babana ne. A gefe an ƙara, mai gyaran keke.

Na tuna ranar. Ina shekara shida. Wasu mutum biyu suka zo da mota suna tambayar tsofaffin iri, babana ya hau kujera ya sauko da zangarniya ɗaya daga cikin waɗanda yake ratayewa a rufin ɗaki, ya murje musu a tafin hannu. Takanɗa ce, dawar nan mai zaƙin kara da ake sha kamar rake. A bakin gona yake shuka ta. Kowa ya gama girbi ya kai gida, ita tana nan tsaye, doguwa, ganye kawai. Maƙwabta su riƙa yi masa tsiya, wai ya shuka gora. Shi kuwa sai ya ce, "Ku bar ta. Ita ba ruwa take kallo ba, rana take kallo. Sai yini ya gajarta, raɓa ta yi nauyi." Yakan ɓare kara da haƙori ya miƙo mini gaɓoɓin tsakiya, don sun fi zaƙi.

Shekarar da ya rasu babu wanda ya tuna da abin da ke rataye a rufin ɗaki. Ƙwari suka cinye. Gonar ta koma hannun wasu, Inna ta tafi wajen danginta da ƙannena, ni aka kawo ni wajen Gwaggo, yayar babana.

A bayan katin akwai rubutu da jan biro, sau biyu, shekaru daban-daban: An shuka. Ba ta fitar da kai ba. An nome.

Baba Mai Sanyi ya leƙo ta kafaɗata. "Au, wannan juyar? Sau biyu tana cinye mana taki a banza. Juye duka, 'yar nan, bana ce ta ƙarshe. Ta yi, to. Ba ta yi ba, ambulan ɗin ta huta."

Na buɗe baki in ce masa ba juya ba ce, jira take so. Sai na fasa. Wa zai ji ta bakin lebura a kan jan biro? Na rubuta talatin da ɗaya, na miƙa masa.

Aka shuka ta a cikin masu saurin nuna, don katin bai faɗi lokacinta ba. Irin ya tsufa, tara kawai suka tsiro. Kullum da safe kafin a fara aiki sai na bi ta layin na ƙirga su. Ban gaya wa kowa ba, har Gwaggo. Na daina zuwa bayan ɗakin injin, na koma cin abincina a gindinsu. Ganyen da faɗi, kuma jijiyar tsakiyarsa ba fara tas ba ce kamar ta sauran dawa, kore ce dishi-dishi. Babana ya ce da haka ake gane kara mai ruwa tun ba a sa masa haƙori ba.

Sauran layukan suka fitar da kai, muka rufe su da jaka, gona ta yi fari fat kamar an shanya huluna. Suka nuna, muka fara yanka. Layin babana kuwa sai tsawo yake yi, ya wuce kan kowa, ba kai ba alamarsa.

"Shiru, mijinki ne wannan dogon?" in ji Kyaftin wata rana da ta same ni a wurin. "Kullum kina gindinsa. To ki gaya masa ya yi abin kirki, sati biyu ya rage. Muna gama yanka tarakta za ta shigo, rake za a sa a nan."

Sati biyu. Ni kuwa na san takanɗar tana bukatar wata guda ko fiye. In aka nome ta, babu sauran ƙwaya ɗaya a ambulan, babu a rufin ɗakin kowa.

Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishin Dakta. Na farko tana waya, na juya. Na biyu ta ɗago kai daga takardu ta ce, "Lafiya, 'yammata?" Na ce, "Jakunkuna na zo ɗauka, ranki ya daɗe." Ta nuna mini kwali. Na ɗauki jakunkunan da ba na bukata na fito, idona ya cika da ƙwalla.

A nan ne na yi kuskuren. A ɓangaren rake ba da ƙwaya muke shuka ba. Kara ake sara gunduwa-gunduwa, kowace da ido biyu ko uku, a kwantar a rami a rufe, sai kowane ido ya tsiro. Na yi wannan aikin har hannuna ya saba. Da na dubi karan takanɗar na ga shi ma da gaɓa, da ɗan ido a kowace gaɓa, da zaƙi, sai na ce a raina ai 'yan uwan juna ne. In ba zan iya magana ba, zan iya ɓoye ta a gida. Wata rana da aka tashi aiki na tsaya baya kamar ina gyara takalmi. Na sare kara biyu, mafiya kauri, na daddatsa su na zuba a buhun da nake ɗauko wa Gwaggo ciyawar akuya.

Akwai ɗan fili a bayan ɗakina, tsakanin bango da inda ake shanya. Nan na haƙa na binne su. Safe da yamma ina ba su ruwa. Kwana biyar ba komai. Kwana takwas tururuwa ta yi layi. Rana ta goma na tona guda ɗaya, sai ta dagargaje a hannuna, baƙa, tana tsami.

Ina tsugune a wurin Gwaggo ta zo kwashe shanya.

"Me kike binnewa a gidana kamar mayya?"

Ta sunkuya ta ɗauki wata gunduwa da ba ta gama ruɓewa ba, ta juya ta, ta kankare bayanta da farce, ta shinshina.

"Ina kika samo wannan?"

Na gaya mata. Ban taɓa yi wa Gwaggo magana mai tsawon wannan ba. Ta zauna a kan turmi tana saurare.

"Ke da ubanki sai Allah," ta ce. "Shi ma ya fi hira da kara a kan mutane. To, dawa ce ake binnewa kamar rake? Ko shi da ya haife ki bai taɓa yin wannan wautar ba. Tun kakarmu ake riƙon irin nan, da ƙwaya ake riƙonsa. Nawa suka rage?"

"Bakwai."

"Yaushe za a nome?"

"Jibi."

"Kin gaya musu?"

Na girgiza kai.

"Ni ba zan je miki ba. Ban san ƙofar wurin ba, kuma ba ni na gan su suna girma ba. Bakin nan da kike cin abinci da shi, shi za ki buɗe." Ta tashi da shanyarta, har ta kai ƙofa ta juyo. "In ta yi, ki kawo mini gaɓa ɗaya. Haƙorana ba su ƙare duka ba."

Washegari Dakta ba ta zo ba, an ce ta tafi taro. Na yini ina kwashe kara daga gona, ina kallon bakwai ɗin nan tsaye su kaɗai a tsakiyar fili.

Ranar da tarakta ta zo na riga kowa isa. Ban shirya abin da zan faɗa ba, na san ko na shirya zai gudu. Na je kawai na tsaya a bakin layin. Direban ya fara daga gabas, yana zuwa yana dawowa, ƙasa tana juyewa a bayansa, balbelu suna bin sa. Da ya iso kusa ya danna oda. Ban motsa ba. Ya sake dannawa, sannan ya kashe injin ya leƙo.

"Ke ƙanwata, in kin gaji da duniya ki nemi wata motar, tawa ba ta da inshora."

Matan suka taru. Kyaftin ta ce, "Shiru, lafiyarki? Matsa mana." Na ƙi matsawa. Wata ta ce aljanu ne, wata ta ce a kira Dakta.

Dakta ta zo da littafin gona a hammata, takalmanta duk laka. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi lambar da ke jikin turken layin, ta buɗe littafi.

"Ɗari biyu da sha biyu. Ba ta fitar da kai ba. Mene ne, 'yammata?"

Sai na kama kara ɗaya na nuna sama.

"Ta yi ciki," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Me kika ce?"

"Ta yi ciki, ranki ya daɗe. Kan yana ciki. A taɓa a ji."

Dakta ta ɗaga kai. Karan ya ninka ta a tsawo. Direban ya yi dariya ya ce, "To ga tsani kyauta." Ya tada injin ya matso a hankali har gefen layin. Na hau kan murfin tayar, Dakta ta cire takalmi ta hau bayana, Kyaftin tana riƙe da ƙafarta tana cewa, "A yi a hankali, ba mu da wata Daktar." Na janyo ƙarshen karan a hankali. Ganyen ƙarshe gajere ne, a ƙasansa kuma karan ya ɗan kumbura, kaɗan ƙwarai, ido ba zai gani daga ƙasa ba. Ban san lokacin da na kama hannun Dakta na ɗora yatsunta a wurin ba. Ta matsa. Ta sake matsawa.

"Wa ya nuna miki wannan?"

"Babana. Irinsa ne. Sunansa ne a katin." Da na fara sai maganar ta riƙa zuwa da kanta. "Ya ce ba ruwa take kallo ba, rana take kallo. Sai yini ya gajarta. Sau biyun nan da aka nome ta, ba juya ba ce. Lokacinta ne bai yi ba."

Dakta ta rufe ido ta dafe goshi. "Mai jiran gajeren yini ce, aka sa ta cikin 'yan sauri. Sau uku." Ta sauko ta bi layin tana ƙirgawa da biro, ta duba littafi, ta sake ƙirgawa. "Tara aka rubuta. Bakwai nake gani."

Kututturen biyun suna nan, saran adda a jikinsu. Da na yi shiru da an ce ɓarayin rake ne, don sukan shigo. Na ce, "Ni na sare. Na kai gida na binne kamar rake. Sun ruɓe."

Wata daga cikin matan ta fara dariya, Kyaftin ta harare ta. Dakta ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

"Biyu cikin tara ba kaɗan ba ne," ta ce. "Kowane kara da abin da ya ɗauko daga iyayensa, wanda ɗan uwansa bai ɗauko ba. Abin da ke cikin biyun nan ya tafi ke nan. Tun yaushe kika san irin babanki ne?"

"Tun rani."

"Kuma kika zo ofishina kika ɗauki jakunkuna."

Ta juya ta ce wa direban ya bar taku biyar ta kowane gefe. Ya ce layin rakensa zai karkace, ta ce ya karkace. Sannan ta ce da ni, "Duk dawar da ke yankin nan an girbe. Tsuntsayen duniya nan za su taru. Ke za ki tsare ta, ke za ki rufe ta. Babu mai taya ki, kowa yana wajen rake."

Haka aka yi. Aka sa rake ya kewaye mu, ruwan da ake ba shi yana isowa gindin takanɗar. Matan suna can nesa, sai dai iska ta kawo mini dariyarsu. Ni da kara bakwai ne daga safe har yamma, da gwangwani da tsakuwa a ciki, ina jiran tsuntsayen da ba su riga sun zo ba. Baba Mai Sanyi ya zo sau ɗaya, ya tsaya ya ɗaga kai ya daɗe, ya ce, "Ashe ni ne juya," ya ajiye mini tsohon tsanin ɗakin sanyi ya tafi. Cikin kututture biyun da na sara, ɗaya ya yi toho, ɗaya ya bushe. Dakta ta ce da wuya tohon ya kai ga yin ƙwaya bana, amma in bar shi.

A kan tsanin nan na rubuta yawancin wannan, littafi a kan gwiwa. Wani lokaci nakan yi wa karan magana. Ba wata magana ba ce, labarin Inna da ƙannena ne, da yadda ƙaramin ya fara makaranta, da ciwon ƙafar Gwaggo. Abin da da babana yana raye, shi zan gaya wa.

Kwana ashirin da uku bayan tarakta, da la'asar, ina shirin tashi, na ga ganyen ƙarshe na kara na huɗu ya tsage. Ƙarshen zangarniya ya leƙo, kore, bai fi ɗan yatsa ba. Na duba ko'ina, babu kowa kusa da zan nuna wa. Na tsaya ina kallonsa har mai gadi ya buga ƙarfen tashi. Da na koma gida na gaya wa Gwaggo, ta ce, "To," ta ci gaba da tankaɗe, amma na ji ta ambaci sunan babana a hankali.

Washegari na fita raɓa ba ta bushe ba, zanina ya jiƙe har gwiwa kafin in isa. Na jingina tsani, na hau da jaka ɗaya a baki. Kan ya ƙara fitowa, bai yi fure ba tukuna. Na zura masa jakar, na naɗe bakinta, na ɗaure ba da ƙarfi ba don ya sami wurin girma. Na ciro fensir na rubuta lambar layin da kwanan wata a jikin jakar. A ƙasa na ƙara sunan babana, harafi bayan harafi, sannan na sauko na matsar da tsanin zuwa kara na biyar.